Yadda Ake Shimfiɗa Wayar Faiba Mai Auna Zafi a Jikin Kwanbeyar Kwal da Ramin Kebul

Jama'a barkanmu da warhaka. Wannan bayanin na masu aikin faiba ne na intanet da suke son shiga ɓangaren auna zafi, da kuma yaran lantarki na kamfanoni da oga zai ce musu ga na'ura an kawo ku je ku haɗa. Hannun da ka saba da shi wajen haɗa faiba zai yi maka aiki sosai, amma akwai ɗabi'un aikin intanet da dole ka ajiye su a bakin get. Misalin da zan bi shi ne kwanbeyar da ke ɗaukar kwal a kamfanin siminti, irin yadda Ashaka ke ƙona kwal ɗin Maiganga, tare da ramin da manyan kebul na wuta suke bi. Wurare ne masu ƙura da zafi da jijjiga, ga ɓeraye, ga masu walda, kuma kwal abu ne da yake iya kama wuta shi kaɗai in ya taru ya ɗumama.

Abin da kake buƙatar sani game da na'urar kaɗan ne. Sunanta DTS, wato na'urar da ke auna zafi a duk tsawon wayar faiba. Tana harba hasken lesa cikin faiba, wani ɗan kaɗan daga hasken yana dawowa baya, a cikin wanda ya dawo ɗin akwai kashi biyu da ake kira Stokes da anti-Stokes, to anti-Stokes ɗin ƙarfinsa yana ƙaruwa in gilashin ya yi zafi, ɗayan kuma bai cika damuwa da zafi ba, sai na'urar ta gwada su biyun ta fitar da digiri. Wani masanin Indiya C. V. Raman ne ya gano wannan halin na haske a 1928. Wajen gane wuri kuma lokaci take ƙirgawa, haske yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin gilashi, kenan duk kashi ɗaya cikin miliyan 100 na daƙiƙa da ya ƙaru kafin hasken ya dawo, mita ɗaya ce. Kaga ita wayar kanta ce ma'aunin, daga farkonta har ƙarshenta, babu lantarki a cikinta, shi ya sa maganaɗisun manyan kebul ba ya rikita ta yadda yake rikita ƙananan wayoyin ma'auni na ƙarfe.

KAYAN AIKI

- Na'urar DTS da kwamfutar da aka zuba mata manhajarta
- Wayar faiba ta auna zafi, yawanci 50/125 ce (kaurin zuciyar gilashin da na gilashin duka, a maikron), a cikin siririn bututun ƙarfe mara tsatsa
- Injin haɗa faiba, da wuƙar yankan faiba mai kyau, da abin fere riga
- Abin yanka bututu, ƙarami, irin na masu gyaran AC
- OTDR, na'urar gwada asarar haske a cikin faiba, mai aiki a 850 da 1300 (tsawon zangon haske a nanomita), da tocilar faiba mai jan haske
- Jelar faiba, wato guntuwar faiba mai konekta a kai ɗaya, mai kan E2000 kore, ita ma 50/125
- Sifirit na isofurofil mai kashi 99, da tishu mara gashi
- Akwatunan haɗi da ƙura da ruwa ba sa shiga, IP66 ko sama
- Maɗauran ƙarfe mara tsatsa da ɗan robar da ake sa wa a tsakani
- Kula biyu manya (uku in kai ɗaya na wayar za ka haɗa da na'ura), ƙanƙara, butar dafa ruwa, ɗan famfon tankin kifi
- Ma'aunin zafi na PT100 mai takardar gwaji, da bindigar auna zafi
- Fenti ko alamun ƙarfe na rubuta mita, tabarau, safar hannu, takunkumi, kwaɗo naka na kanka
- UPS ko inbata

MATAKI NA 1: Zagaya wurin da ƙafarka

Kar ka yarda da zanen da aka ba ka a ofis, ka bi layin tun daga inda kwal ke zubowa har inda yake sauka, bindigar auna zafi a hannu, lokacin da injin yake aiki kuma da tsakar rana. Ka rubuta inda ya fi zafi, inda ake yawan wanke ƙasa da tiyo, inda motoci ke wucewa, da inda masu gyara suke taka ƙafa in za su hau. Ka auna tsawon sannan ka ƙara aƙalla kashi 15 cikin 100, domin akwai naɗe-naɗen da za ka yi a gaba kuma ƙarin waya daga baya yana nufin ƙarin haɗi.

MATAKI NA 2: Zaɓen waya

A nan yawancin aiki yake lalacewa tun kafin a fara shi. Gilashin kansa yana jure zafi sosai, rigar da ke jikinsa ce take gazawa. Rigar faibar intanet ta yau da kullum iyakarta wajen digiri 85. Akwai wata irinta da aka inganta tana kaiwa 150. Mai rigar foliyimaid, wadda za ka ga launinta ruwan zuma-zuma, tana kaiwa 300. Mai rigar alminiyam wajen 400, mai rigar zinare har 700, ita kuma kuɗinta sai dai a yi shiru. Ga kwanbeyar kwal da ramin kebul ta 85 ko ta 150 ta isa, amma in layin zai gitta kusa da bututun iska mai zafi ko kusa da inda kilinka, wato gasassun dunƙulen siminti, ke fitowa, wannan ɓangaren sai foliyimaid. Kuma ka tambayi mai sayarwa iyakar kowane abu da ke jikin wayar ɗaya bayan ɗaya, saboda za ka samu faiba mai jure 300 amma man da ke cikin bututun ko robar waje tun a 100 da wani abu sun tashi aiki.

Wani zai ce to a zura ta cikin kilin ɗin mana, wato tanderun da ake gasa siminti. A'a malam, cikin kilin ana maganar digiri 1450 ne, wannan ba wurin DTS ba ne ko kaɗan.

Abu biyu kuma. Na farko kar ka ɗauko faibar intanet 9/125 da ta rage a sito ka ce za ta yi, in na'urarka ta 50/125 ce to ita kawai za ka ba ta, ko 62.5/125 kar ka gauraya a tsakiya. Na biyu maganar bututun ƙarfe. Ƙarfe mara tsatsa mai tsawon mita 100 in zafinsa ya ƙaru da digiri 100 yana miƙewa kusan santimita 16, gilashi kuwa ko santimita ɗaya ba ya kaiwa. Shi ya sa masu ƙerawa suke barin rarar faiba a kwance sako-sako cikin bututun. In ka yanka bututun ka ga faiba ta ɗan fito ko ta ɗan koma ciki, kar ka ja ta ka ɗaure tamau wai kana gyarawa, rarar nan ce take hana ta tsinkewa ranar da zafi ya tashi.

A ramin kebul ka tuna bututun ƙarfe ne, yana ɗaukar wutar lantarki duk da faibar ba ta ɗauka. Ko dai a haɗa shi da ƙasa yadda injiniyan lantarkin wurin ya tsara, ko a sayo waya mara ƙarfe sam. Matsalar mara ƙarfe ita ce ɓera, in ka zaɓe ta to a toshe ramukan shiga.

MATAKI NA 3: Gwada ta tana kan durom

Kafin a warware ko mita ɗaya, ka haɗa jela ka harba OTDR. Lafiyayyar 50/125 tana cin wajen 2.5 zuwa 3 dB (ma'aunin asarar haske) a kilomita a 850, ƙasa da 1 dB a 1300. Ka ajiye hoton gwajin da kwanan wata. In akwai matsala daga kamfani ko daga hanya yanzu ne za ka iya mayarwa, bayan ka shimfiɗa kuwa kowa zai ce kai ka karya.

MATAKI NA 4: Shimfiɗawa

A kashe kwanbeya, ka sa kwaɗonka a makunnin, makullin yana aljihunka. Ba na oga ba, ba na mai gadi ba, naka. Bel ba ya jiran kowa.

A ɗora durom kan ƙarfe ya riƙa juyawa, kar a kwantar da shi a riƙa zaro waya ta gefe, hakan yana murɗa ta kuma bututun ƙarfe in ya lanƙwashe ya yi gwiwa shi kenan sai yanka. Wajen kwana, lokacin ja kar radiyos ɗin lanƙwasar, wato rabin faɗin da'irarta, ya gaza kaurin wayar sau 20, bayan an ɗaure kuma sau 10, in takardar mai ƙerawa ta faɗi wani abu daban ka bi nata.

Inda za ka ɗora ta shi ne jikin ƙarfen da ke riƙe da rololi, kusa da boris iya yadda za ka iya ba tare da bel ko kwal mai zubowa ya taɓa ta ba, domin yawancin gobarar kwanbeya daga boris ɗin da ya ƙame take farawa, rola ta daina juyawa bel yana gogarta har ta yi ja. In da hali ka bi gefe ɗaya ka dawo ta ɗaya gefen, ka samu kawunan wayar biyu duk a ɗakin na'ura, za ka ga amfanin wannan a mataki na 7. Ɗauri duk mita ɗaya ko ƙasa da haka. Maɗaurin roba, musamman fari, rana tana cinye shi, bayan bazara ɗaya ko biyu za ka tarar da waya tana reto, ka yi amfani da na ƙarfe, kuma kar ka matse da dukkan ƙarfinka, a riƙe dai kar ta zame.

Ga wani abu da sababbi ba sa ganewa. Na'urar matsakaicin zafin kowace mita take ba ka. A ce boris ya kai digiri 90 amma santimita 10 kawai na waya yake ɗumamawa, sauran mitar tana 40, abin da za ka gani a allo wajen 45 ne, wato kamar babu komai. Don haka a wurare masu muhimmanci, boris ɗin babbar motar lantarki mai juya bel, giyabos, babban fule na kai da na wutsiya, sai ka naɗa mita 3 zuwa 5 a jikin wurin ta manne sosai, yadda mita guda cikakkiya ko fiye za ta ji zafin.

Ka bar naɗin mita 20 sau biyu a farkon layi kusa da na'ura, da wani a can ƙarshe, na wankan gwaji ne da za a yi a mataki na 7. Duk inda za a yi haɗi kuma ka bar rarar mita 5 kowane gefe.

MATAKI NA 5: Haɗi

A aikin intanet haɗin da ya ci 0.3 dB sau da yawa wucewa ake yi, layi ya kawo, kwastoma ya yi murna. A nan ba haka ba ne, mummunan haɗi yana cin Stokes da anti-Stokes ba daidai ba, sai ka ga duk abin da ke bayan haɗin ya tashi ko ya sauka da digiri biyu ko uku alhali zafin bai canza ba. Ka nemi ƙasa da 0.1 dB, in ya wuce ka karya ka sake. Babu haɗin matsewa na roba, babu konekta a tsakiyar layi, narkarwa kawai. Konekta ɗaya ce a bakin na'ura, koriyar nan mai yankan digiri 8, kar ka cusa shuɗiya a ramin koriya, za ka lalata fuskar duka biyun.

Yankan bututu: ka zagaya da abin yankan a hankali har ya yi zane, kar ka bari ya huda, sai ka lanƙwasa kaɗan gaba da baya ya ɓalle, ka zare. Bakin da ya rage yana da kaifi, ka sa ɗan siririn tiyo na kariya kafin faiba ta goge shi. Ka goge man da sifirit. In babu isofurofil kar ka sayi sifirit na kemis, ruwa ya yi masa yawa kuma yana barin dauɗa, gara ka nema a wajen masu gyaran waya ko masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje.

Injin haɗi ka sa shi a tsarin MM, wato na faiba irin 50/125. Foliyimaid ba ta feruwa da abin fere na kullum, akwai na'urar fere ta mai zafi, wasu kuma suna ƙona ta da laita su goge, yana yi amma yana raunana gilashin, in dole ta sa ka yi hakan to wurin ya zama cikin akwati inda ba ja ba jijjiga. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sa mai sayarwa ya haɗo maka jelar faiba ta kullum a kawunan tun daga can.

Akwatin haɗi kar ya zauna a wuri mai zafi, robar da ke rufe haɗin ba ta da juriyar wayar. Ka ja shi gefe inda hannu zai iya taɓawa.

Ƙura kuwa, a kamfanin siminti da hunturu abin ba a magana. Ka shiga cikin mota ka rufe gilas, ko ka kafa ɗan tanti, ka jira mintuna ƙura ta kwanta kafin ka buɗe murfin injin. Kuma injin haɗi tartsatsi yake yi, inda garin kwal ke tashi sai da takardar izinin aikin wuta. Guntayen faiba ka tara su a jikin salatif ka jefa cikin kwalba mai murfi, kar ka ci abinci a wurin, kar kuma ka leƙa bakin faiba in na'ura tana kunne don hasken ba ya ganuwa.

In kai ɗaya kawai za ka haɗa da na'ura, ɗaya kan na can ƙarshe kar ka bar shi da yanka mai sheƙi, yana mayar da haske ya ɓata mitocin ƙarshe. Ka haɗa masa jela koriya ka rufe, ko ka tsoma shi a man da ake sayarwa don haka.

MATAKI NA 6: Sake harba OTDR

Daga kowane gefe, ka gwada da hoton kan durom. Inda ka ga faɗuwa kuma babu haɗi a wurin, maɗauri ne ya matse ko kwana ta yi tsanani. In ba ka da OTDR na 850 da 1300, ita kanta DTS tana nuna ɗanyen layin haske a manhajarta, za ka ga matakalar da kowane haɗi ya yi.

MATAKI NA 7: Saita ma'auni da ƙanƙara da ruwan ɗumi

Ka kunna na'ura ka bar ta ta ɗumama kamar awa ɗaya, a ɗaki mai AC, a kan UPS, don in wuta tana ɗaukewa tana dawowa ba za ka taɓa samun karatu tsayayye ba.

Kula ta farko: ƙanƙara dakakkiya cike, ruwa kaɗan ya cike tsakaninta, ta yi kamar kunu mai kauri. Ƙanƙarar fiyawota ta masu sayarwa ta yi, muddin ba a sa gishiri ba. Naɗin mita 20 ya nutse duka amma kar ya kwanta a ƙasan kular, domin ruwa ya fi nauyi a digiri 4, shi ne yake taruwa a ƙasa, kai kana zaton sifili kake aunawa ashe huɗu ce. Ka ɗora shi kan wani abu ka sa famfon kifi yana juya ruwan, in babu famfo ka sa yaro ya riƙa juyawa da sanda. Kula ta biyu ruwan ɗumi wajen digiri 50 zuwa 60, shi ma ana juyawa, PT100 a tsakiyar naɗin.

Kar ka ce za ka yi da tafasasshen ruwa ka rubuta 100. Da farko waya mai iyakar 85 ba ta son haka, sannan ruwa a bakin teku yake tafasa a 100, a Kano wajen 98 ne, a Jos wajen 96 saboda tudu. In ba ka da PT100 ka samu ma'auni biyu masu kyau, ka fara tsoma su a ƙanƙarar ka ga ko suna nuna sifili, ka rubuta kuskuren kowanne.

Ka ɗauki karatun tsakiyar naɗin kawai, ka watsar da mita biyu-biyu na gefe. Ka bar shi minti 20 zuwa 30 sannan ka shigar da lambobin a manhaja. In kawuna biyu ka haɗa, na'urar tana harbawa ta nan ta harba ta can ta gyara bambancin cin haske da kanta, har da na haɗe-haɗe, kuma ranar da waya ta tsinke a tsakiya za ta ci gaba da ganin ɓangarorin biyu. In kai ɗaya ne, dole ka kai kula ta uku can ƙarshen layi, in ba haka ba farko zai yi daidai amma kana nisa kuskure yana ƙaruwa.

MATAKI NA 8: Gano wace mita ce ina

Allo zai ce mita 742 ta yi zafi. To ina ne 742? In mai aikin dare bai sani ba duk wahalar nan ta tashi a banza. Mutum biyu ake yi, ɗaya a gaban kwamfuta ɗaya a fili da rediyo ko waya. Na fili ya jiƙa tawul da ruwan zafi ya naɗe mita ɗaya na wayar, ko ya ɗora ledar ƙanƙara, na ɗaki ya ga inda layi ya yi tsini ya faɗi lambar, a rubuta ta da fenti a jikin ƙarfen. Ku yi a kowace kwana, kowane akwatin haɗi, kowane naɗi, da duk mita 50 a miƙaƙƙen wuri. Kar a yi da wutar gas ko laita. Lambobin da aka buga a jikin rigar waya suna taimakawa amma ba sa zuwa daidai da na allo, saboda jela da rarar da ke cikin bututu.

MATAKI NA 9: Yankuna da ƙararrawa

Ka raba layin gida-gida: ɓangaren da ke rana, ɓangaren da ke cikin rufi, rami, kowane naɗi nasa daban. Ƙararrawa iri uku ce, ta wuce iyaka, ta saurin hawa, da ta wurin da ya fi maƙwabtansa zafi. Ga boris ta ukun ce mai kama shi da wuri.

Lambobin da na'ura take zuwa da su an saita su ne don ƙasashe masu sanyi. A Sakkwato ko Gombe cikin Afrilu iska kanta tana haura 40, ƙarfen da ke rana kuwa yana iya wuce 60 ba tare da komai ya lalace ba, in ka bar iyaka a 57 kullum da azahar sai ta yi kuka, bayan sati guda ma'aikata za su cire wayar jiniyar su huta. Ka bar na'urar ta yi sati biyu tana rubutawa ba tare da jiniya ba, ka duba mafi girman abin da kowane yanki ya kai, sannan ka sa iyaka sama da shi tare da jami'in kula da haɗurra na kamfanin. In da hunturu ka saita, ka dawo da bazara ka sake dubawa. Ta saurin hawa kuma ka lura da safiya lokacin da rana ta fara dukan ƙarfe, da kuma bayan ruwan sama ya ɗauke.

Tsawon lokacin kowane karatu shi ma zaɓi ne, in ka daɗe karatun ya fi santsi, in ka gajarta ya fi saurin gani amma yana rawa. Ga gobara daƙiƙa 10 zuwa 30 ya wadatar. Ka haɗa fitar ƙararrawar da ɗakin kula, ka gwada kowane yanki da tawul mai zafi a gaban wanda zai karɓi aikin.

MATAKI NA 10: Miƙa aiki

Ka ba su hotunan OTDR, takardar mita da wuri, lambobin saiti, da ragowar waya. Ka tara masu walda ka nuna musu siririn bututun, ka ce kar a maƙala wayar ƙasa ta walda a jikinsa kuma a rufe shi in za a yi aiki kusa, a manna alama duk 'yan mitoci. Matatar iskar na'ura a riƙa busawa duk wata, wankan ƙanƙara a maimaita sau ɗaya a shekara da kuma duk lokacin da aka yi sabon haɗi, kuma in sabon haɗin ya ƙara ko ya rage tsawon waya to duk lambobin fentin da ke bayansa sun gusa, sai a sake mataki na 8 daga nan zuwa ƙarshe.